Hannun Hagun Nomau

Nomau magini ne, mutumin Gazawa, kuma ni ne na ɓata masa suna. Gara in faɗa tun yanzu, na gaji da kewaye-kewaye.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, da gero ya shiga rumbu, muka tafi cin rani Katsina mu shida. Ni na kama ga-ruwa, shi ya samu gyaran katangar wata makaranta. Duk wanda ya ga Nomau bisa katanga ya san Allah ya yi masa hannu. A jefo tubali daga ƙasa, ko kallon kirki ba ya yi, sai ka ji caf, ya ɗora, ya sake miƙo hannu.

Wani malamin makarantar, Malam Balarabe, ya gan shi, ya ja shi filin kurket. Wasan Turawan Ingila ne: ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goriba, ɗaya ya doke ta da faffaɗan katako, in aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa mai dukan ya fita. Aka tsayar da Nomau bayan mai duka, ɗan gefe kaɗan, inda ƙwallo ke tsiyayowa in ta goge bakin katako. Wurin ba ya son mai ƙifta ido.

Kullum bayan la'asar malam yana buga ƙwallo jikin ƙarfen daddale fili, tana fallewa inda ta ga dama, Nomau yana kamawa. Ya koya masa ya rusuna, ya saki yatsu, ya bar kallon mai jifa ya zuba wa bakin katako ido, in ta shigo ya ja hannu baya kaɗan don kada ta yi tsalle. Cikin wata biyu dama da hagu duk ɗaya ne gare shi. 'Yan makaranta na kiran sunansa a hanya. Ni kuwa ina bayansa da garwa biyu, ba wanda ya san da ni. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ranar babban wasa, makaranta ta kara da tsofaffin ɗalibanta, malam ya sa Nomau cikin 'yan wasan makaranta. Nomau ya gayyace mu duka. Ashe cikin tsofaffin har da Alhaji Cindo, dattijon da ya ba mu zaurensa muke kwana, wanda Nomau ke durƙusawa ya gaishe shi kowace safiya. Alhaji ya doka, ƙwallo ta goge katako ta nufo hagun Nomau, daidai gwiwa, irin wadda ya kama sau ɗari. Na ga hagun ta fita, na ga ya janye ta, ya kawo dama a makare. Ƙwallo ta bugi wuyan hannunsa ta faɗi. Fili ya ɗauki ihu. Alhaji ya ci gaba da duka har makaranta ta sha kashi.

A hanyar komawa na ce, "Nomau, mi ya same ka?"

Ya ce, "Hashimu, in amshi abu daga wurin Alhaji da hagu? Hannun ne ya ƙiya."

Na san gaskiya ke nan. Amma da muka koma Gazawa, na cire Alhaji daga labarin. Na ce ƙwallon Turawa ta kashe masa hannu, yanzu ko ƙwai aka miƙa masa sai ya faɗi. Ina yi ina kwaikwaya, ana dariya a bakin kasuwa, ni kuwa ina jin daɗin an san da ni. Labari ya bar hannuna. Da aka tashi ginin lakol, makarantar bokon garinmu, aka ɗauko magini daga wani gari. Masu son a gina masu soro suka bi sahu. Magini ba shi da jari sai sunan hannunsa, na Nomau kuwa ya tafi. Bai yi musu da kowa ba, don in ya kare kansa sai ya ce dattijon da ya ba shi masauki ne sanadi. Damina biyu, ya ɗauki matarsa Barira suka koma Agiye.

Shekara tara ina zaga Agiye ta bayan gari. Ran da mahaifina ya rasu, sai ga Nomau cikin masu gaisuwa, a ƙafa ya zo. Bayan addu'a mutane suka ragu, ya matso kusa da ni bisa tabarma. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi kashe ni ke nan.

Ya ce, "An ce ka iya ba da labarina ƙwarai. Kowa ya ji, ni kaɗai ban ji ba. Ba ni in ji."

Na buɗe baki in fara, labarin ya ƙiya. Ya zauna yana jira, har aka kira magariba.