Albarkar da Hagab Ya Rubuta wa Sarki

Sunansa Hagab, wato fara, kuma wanda ya raɗa masa sunan nan ya hango nesa. Tun yana yaro gindinsa ba ya ɗumama wuri. Da ya girma sai ya faɗa sana'ar da ba ta son komai sai zama, ya zama marubuci a fadar Urushalima. Shekara ashirin yana kan tabarma ɗaya, fata a cinya, alƙalamin kara a hannu, ƙafarsa ta hagu tana rawa kamar ta aro. Matarsa Hogla takan ce ko gurasar sha'ir yake ci, sai ka rantse ana jiransa a wani gari.

Ba wani gwani ba ne. Rubutunsa dai yana da kyau, kuma ba ya tambaya, abin da fada ke so ke nan. Tambaya ɗaya ce ta taɓa zuwa masa maƙogwaro, ranar da aka kawo wa tsohuwarsu mayafin ƙaninsa Zakkur. Sarki ya ɗebi samari aikin dole, su fasa dutsen gina bargar dawakinsa, dutse ya rufto wa Zakkur. Hagab ya haɗiye tambayar, ya koma tabarmarsa.

Bayan shekara uku sarki ya so a rubuta labarin mulkinsa, a karanta a ƙofar gari ranar idin rumfuna. Shugaban marubuta, tsoho Pelatya mai tumbi, ya raba aikin, sai babin barga ya faɗo hannun Hagab. Pelatya ya ce masa ya yabi dawakin nan har su ji kunya.

Ya kuwa yabe su. Ya faɗi yadda aka kawo su daga Masar, da kwamin cin abincinsu na sassaƙaƙƙen dutse, da sha'ir ɗin da suke ci wanda ya fi na gidan Hagab tsabta. Da ya iso kan waɗanda suka yi ginin, ƙafarsa ta tsaya cak, karo na farko a rayuwarta.

To, kowa a garin nan ya san ba a ajiye kalmar la'ana kusa da sunan Ubangiji ko na sarki. Marubuci yakan sa albarka a gurbinta, mai ji ya gane daga abin da ya gabata. Ko a gaban alƙali, shaida cewa yake wane ya sa wa sarki albarka, sai a fita da wanen bayan gari a jefe shi. Saboda haka Hagab ya rubuta: "Sarki ya ɗebi ɗa daga kowane gida. Waɗansu suka dawo. Iyayensu mata kuwa suka tsaya a bakin hanya suna sa wa sarki albarka."

Ya miƙa fatar da hantsi. Kafin azahar ya fara nadama. Saura kwana bakwai idi, kuma a kwana bakwan nan ya tattake duk lungunan garin. Ya je kasuwar tumaki ba shi da abin saye, ya hau ganuwa ya sauko, duk dutsen da ya gani a hanya sai ya auna nauyinsa da ido. Da ya gaya wa Hogla, ba ta ko ɗago daga niƙanta ba.

"Maigida, shekara ashirin kana tsoron inuwarka, ranar da za ka yi jarumta kuma ba ka yi shawara da kowa ba? In za a jefe ka, ka cire sabon takalmin nan tukuna."

Ya koma fada da wuƙar kankare rubutu a ɗamara, ya roƙi Pelatya ya ba shi fatar, wai akwai harafin da ya karkace. Tsohon ya warware ta a hankali, ya ɗora yatsa daidai kan layin.

"Ɗana, wace albarka ce wannan?"

"Wadda ka gani, baba."

"Idona ya tsufa. Abin da ke kan fata kaɗai nake gani." Ya naɗe ta, ya jefa cikin tulu, ya rufe.

Ranar idi Hagab ya tsaya kusa da hanyar fita, kamar hakan zai hana a kamo shi. Mai karatu ya bi dawaki ɗaya bayan ɗaya, jama'a na hamma. Sai ya iso kan layin nan, ya karanta. Can baya wata mai sayar da ɓaure, wadda ɗanta bai dawo ba, ta ce amin. Sai ƙofar gari duk ta ɗauka, amin ɗin da har tattabaru suka tashi.

Sarki ya washe baki. Shi tun haihuwarsa albarka iri ɗaya ya sani, wa zai gaya masa akwai ta biyu? Ya ce bai taɓa jin talakawa sun amsa abu da zuciya ɗaya haka ba. Ya ba Hagab riga, ya kuma yi umarni a riƙa karanta babin kowace shekara, a aika da shi garuruwa.

Haka Hagab ya ƙare kwanakinsa yana kwafar layin nan da hannunsa. Ba a jefe shi ba, hankalinsa kuma bai taɓa kwanciya ba, don kullum yana jiran ranar da wani bafade zai raɗa wa sarki a kunne. Ƙafar ta koma rawarta, har ta dama ta shiga. Kowace safiya in zai fita, Hogla takan bi shi da cewa, "Ubangiji ya yi maka albarka, Fara." Shi kuwa sai ya waiwayo ya duba fuskarta, ya ga wacce take nufi.