Hajiya Fassouma Ta Nemi Mai Garin McLeansville

Hajiya Fassouma ta sauka a Greensboro da akwati guda, da ƙullin dabino, da gutsuren kantun gishiri a naɗe cikin zane. 'Yarta Ramlatou ce ke da tsohon ciki, na fari, kuma ita da mijinta Abdoul Razak sun aika mata da biye, wato tikitin jirgi, don ta zo ta riƙe jego. Ba su daɗe da barin ɗan ɗakinsu na haya a unguwar Glenwood ba, suka koma wani gida mai fili a McLeansville, gabas da birni.

Da ta huta ta yi sallah, sai ta ce a kai ta ta gai da mai gari.

"Mama, nan babu mai gari," in ji Abdoul Razak.

"Ya rasu ne?"

"Ba a taɓa yi ba."

Ta kalle shi kamar ya ce mata garin babu alƙibla.

Sai mutum ya san inda ta fito zai gane abin da ya dame ta. An haife ta a wani ƙauye kusa da Dirku, cikin gundumar Bilma, can ƙarshen arewa maso gabashin Nijar inda ƙasar ta yi iyaka da Libiya da Cadi. Garuruwan yankin a jere suke a gindin dutsen Kawar, domin nan ne ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan har Agadas rairayi ne. Barebari da Tubawa ne mafi yawa. Mahaifinta Bahaushen Damagaram ne, ya zo da ayarin raƙuma ya kawo gero don musaya da gishiri, ya yi aure ya zauna. Ta taso ta iske kumandan a barikin Bilma, wanda Faransawa suka kafa. Tana uwar 'ya'ya aka raba gundumar zuwa ƙananan hukumomi huɗu, Bilma da Dirku da Fashi da Jado, kowace da magajin gari. Duk da haka, in ji ta, madugu ba ya kwance kaya sai ya je ya durƙusa gaban bulama, wato mai gari. Baƙon da bai yi haka ba, in ya yi ciwo ko ya mutu, babu wanda zai ce ya san da shi.

Saboda haka ta faɗa musu a fili cewa ba za ta zauna a ƙasar mutane kamar ɓarauniya ba. In babu wanda zai karɓe ta, a gyara mata biye ta koma. Ramlatou ta san uwarta ba ta barazanar banza. Aikin Abdoul Razak tuƙin babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, kuma in tsohuwar ta tafi, ita kaɗai za ta rage a gidan da jariri.

Abdoul Razak ya fara da gaskiya. Ya yi mata bayani cewa McLeansville ba ta da hukumar gari tata, tana ƙarƙashin gundumar Guilford ne, masu riƙe da gundumar kuwa zaɓaɓɓu ne, suna zama a tsakiyar Greensboro. Ya sa ta a mota suka je. Wata ma'aikaciya ta tarbe su da fara'a, ta ce duk mai magana yana iya zuwa ranar taro ya yi ta a gaban jama'a, amma ba a karɓar kyauta. Hajiya ta mai da ƙullinta cikin jaka.

"Ni ba ƙara na kawo ba," ta ce a hanyar dawowa. "Gaisuwa ce. Wa ke gaisuwa da lasifika?"

Sai ya koma dabara. Ya roƙi Alhaji Ousseini, dattijon da 'yan Nijar ke zuwa wurinsa in abu ya taso, ya sa babbar riga ya zo gidan. Alhaji ya zo, ya zauna, ya yi gyaran murya. Hajiya ta gaishe shi da ladabi, sannan ta tambaye shi ko ɗan ina ne.

"Ɗan Tawa ne ni, Hajiya."

"To Alhaji, ai kai ma baƙo ne. Kai wa ka gaisar da ka zo?"

Alhaji Ousseini ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Abdoul Razak, na ce maka wannan filan ba zai yi aiki ba. Bon, a ba ni shayina in tafi."

Ana cikin haka, wata safiya famfon gidan ya ƙi kawo ruwa. Gidajen wajen da yawa ba su kan bututun birni, kowa da rijiyarsa da injin da ke jawo ruwan. Abdoul Razak yana hanya. Ramlatou ta tsallaka titi da ƙyar ta ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsu, Mista Harrison, wani tsohon baƙar fata mai 'yan shanu a bayan gida, wanda tsakaninsu da shi bai wuce ɗaga hannu ba. Ya zo da akwatin kayan aiki, ya wuce kai tsaye bayan gidan, ya ɗaga wani murfi da su ba su taɓa kula da shi ba.

Hajiya tana tsaye tana kallo. "Ke, tambaye shi yaya aka yi ya san wurin."

Ramlatou ta tambaya, ta fassara. Mahaifinsa ne ya sa aka haƙa rijiyar. Filin gidan nan da na gidajen da ke jere da shi duk gonar kakansa ce a da, ana noma taba, daga baya aka yi ta yanka ana sayarwa.

"Ubansa ne ya haƙa rijiyar?"

"Haka ya ce, Mama."

"Lalle ku yara ne. Kuna shan ruwan mutum, kuna yawo da ni cikin birni neman mai gari."

Da la'asar ta yi wanka da ruwan da ya dawo, ta ɗaura sabon zane, ta ɗauki dabinon da gishirin, ta sa Ramlatou a gaba. A bakin barandar Mista Harrison ta cire takalmi, ta durƙusa, ta faɗi sunanta da na mahaifinta da garin da ta fito da abin da ya kawo ta. Tsohon ya miƙe a rikice yana neman ya ɗaga ta.

"Me zan ce mata?" ya tambayi Ramlatou da Ingilishi.

"Ka ce ka gan ta, ta zauna lafiya."

Ya faɗa. Ya ƙara da cewa in naƙuda ta zo mijin ba ya nan, a buga masa ƙofa, motarsa na da mai. Da aka buɗe zanen da ke naɗe da gishirin, ya juya shi a hannu, ya ɗan lasa, ya ce wannan ai na shanu ne. Hajiya ta tafa hannu. Ta ce duk ƙasar nan sai yau ta ga mutumin da ya san abu.

Ramlatou ta zauna a kan matakalar barandar, ta yi ta dariya har da hawaye.

An haifi yarinya, aka sa mata Oumaima. Hajiya ta riƙe jegon har ƙarshe, da ruwan zafinta da kununta. Yanzu duk baƙon da zai kwana a gidan, ko daga Atlanta ya zo, sai ta tsallaka da shi titi. Mista Harrison ya ƙara kujera a baranda, kuma ya koyi cewa "Na gan ka, zauna lafiya" da Hausa. Mata ma haka yake ce musu, Hajiya kuwa ta hana a gyara masa.