Ta zo ta biyar, ni kuma na koma kan injin gudu

Jiya a wurin motsa jiki na mata da ke unguwar Safa na kashe injin gudu, na zauna ina haki kamar zan yi kuka. Kafin a yi min aiki a ciro 'yata, gudu nake a bakin teku ba gajiya. Yanzu sassarfa ma ta gagare ni.

Talabijin na nuna tseren mata a Amurka, masu sharhi biyu suna ta musu. Na tambayi Anti Rabi, 'yar Kaduna mai jin Turanci, me suke cewa.

"Kin ga mai jar rigar nan? Bara ta haihu. Ɗaya ya ce halas, tata ta ƙare. Ɗayan ya ce da takawa a hankali ta sake farawa."

Mai jar rigar ta zo ta biyar a tseren, tana ta dariya abinta.

"Yalla ƙanwata, tashi," in ji Anti.

Na hau injin, na taka har lokacina ya cika. Gobe ma ina nan, in sha Allahu.

Iyaye mata, ku yaya kuka sake farawa bayan haihuwa?