Ƙarfe Mai Zakara

Wani bafatake da ya sauka gidanmu a Talata Mafara ne ya bar wa mahaifina ƙarfen, shekaru kaɗan kafin zuwan Nasara. Baƙi ne wuluk, ga nauyin tsiya, gindinsa sumul, cikinsa rami mai murfi, a kan murfin kuma an yi siffar ɗan zakara. Baba mahauci ne, bai damu da sanin amfaninsa ba. Tabarmar kilishi yake dannewa da shi saboda iska.

Maƙwabcin rumfarmu ya daɗe yana jin zafin yadda namanmu ke ƙarewa kafin azahar. Shi ya kai ƙara wurin Sarkin Fawa, wai gunki ne, baba na yanka masa zakara yana zuba jinin a ramin. Aka tambayi baba mene ne wannan abu, ya ce wallahi bai sani ba, gaskiyarsa kuwa ita ta kayar da shi. Aka hana shi yanka, aka ba maƙwabcin rumfar. Baba, dattijon da ya tsufa a sahun gaba, sai ga mutane na janye kafaɗa daga tasa a masallaci. Tun daga ranar na tsani maƙwabcin nan, na rantse sai na wanke ubana.

Na ɗora ƙarfen a jaki na shiga yawo. Maƙerin Maradun ya jujjuya shi ya ce, "Wanga ƙarhe guduma ba ta taɓa shi ba, narka shi anka yi anka zuba. Amma ban san aikinai ba." Wani malami a Bakura ko taɓawa bai yi ba, ya ce in jefa shi gulbi in huta.

A kasuwar Damri ne wani tsoho da fatauci ya taɓa kai shi Ikko ya gani, ya yi dariya har da tari. "Ɗana, garwashi aka zubawa ciki, a goge tuhwa da shi ta miƙe." Mu bugu kaɗai muka sani, a ɗora riga bisa gungume a yi ta dukanta. Wa zai kawo wuta kusa da tufa yana cikin hankalinsa?

Ranar Talata, kasuwar garinmu ta cika, na cika ramin da garwashi a gaban Sarkin Fawa, na goge rawanina da na cukuikuye da gangan. Ya miƙe tas, wurin ya ɗauki salati. Sai na juya ga maƙwabcin, yana sanye da sabuwar riga mai aiki wadda ya ɗinka bayan ya ci rumfarmu.

"Maƙwabci, tuɓe rigarka a gwada, shakku su hita."

Ya yi turus, Sarkin Fawa ya ce ya tuɓe. Na shimfiɗa ta, na ɗora ƙarfen daidai kan aikin aljihu, na ƙi motsa shi. Idonsa nake kallo har ƙauri ya tashi. Da na ɗaga, ga huji har ƙasa. Na ce a yi mini haƙuri, ni mahauci ne, hannuna bai faɗa ba. Mahauta suka yi ta dariya, shi kuwa yana tsaye daga shi sai wando, raina ya yi fari ƙal.

A ranar aka mayar mana da rumfa. Amma zaman gida ya riga ya cinye baba, bai sake riƙe wuƙa ba har ya rasu. Riga ɗaya kawai na ƙona wa mutumin nan, har gobe ina ganin na yi masa sauƙi.