Hurar Gayya

Mu bakwai ne muka dawo Tamaske daga Abijan a waccan shekarar, kowa da rediyonsa da sabuwar riga, ga kuma ƙaiƙayin a ce mun yi abin kirki. Ni na kawo shawarar, don ni ba na iya zama bakina rufe: kafin damana ta sauka, duk ranar Lahadi mu zaɓi gidan da babu namiji mai ƙarfi, mu yi masa yaɓe, mu gyara rufi, don Allah kawai.

Gida na huɗu na wata tsohuwa ne a bayan masallacin unguwarmu, ƙawar uwata, muna ce mata Inna. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya shiga Libiya shiru kake ji. Ɗakinta ɗaya, rufin ya lotsa a tsakiya, indararo ya karye. Kowa ya san ba zai ga ƙarshen damana ba.

Na je na gaya mata. Ta ce a'a.

«Inna, don mi?»

«Ana kiran gayya gidan da ba a ɗora tukunya? Bari sai kaka.»

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce ai mu gayyar zamani ce, da cikinmu cike za mu zo, ko ruwa kar ta ba mu. Ta dube ni ta ce, «To, kun hi ni sani.» Ni kuwa na ɗauka na ci magana.

Ranar Lahadi muka zo da sassafe, kurar jaki cike da jar ƙasa, da bidon-bidon, jarkoki cike da ruwa. Muka fitar da kayanta tsakar gida: gadon kara, tukunya biyu, akwatin ƙarfe, sai ɗan damin hatsi da ke rataye jikin itacen rufi, an naɗe shi da tsumma. Irinta ne na shuka, zaɓaɓɓun zangarniya, dogaye masu cikar ido. Ni da hannuna na sauko da shi na jingina a gindin darni. Ban ga wani hatsi a gidan ba, kuma ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Aiki ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Masu kwaɓa ƙasa suna tattakawa har gwiwa, ana jefo mana curi sama muna cafewa, ana tsokanar wani abokinmu da ya ce a Abijan shi magini ne, alhali albasa yake turawa a kasuwa. Muka sauya itace uku da gara ta ci, muka shimfiɗa kara, muka zuba ƙasa muka daddaɓe. Daga sama ina jin daka a maƙwabta, na ce a raina matan unguwa ne da hidimarsu.

Rana ta take tsaka sai ga Inna da babbar ƙwarya, ta ajiye a inuwa, ta jera ludayi.

«Ku sauko ku jiƙa maƙoshi, ɗiyana.»

Na ce, «Haba Inna, mi munka yi da ke?»

Ta ce, «Kai ka yi da ni. Ni ban yi da kai ba.»

Kai, hurar nan! Ta sha nono, ta sha yaji, har yau ina jin ɗanɗanonta. Muka sha muka suɗe. Ni ne ma na ɗaga ƙwaryar na kafa kai, na ce ko a birni ban sha irinta ba. Ta yi murmushi, ta ce mu ci gaba da aikinmu.

Sai da la'asar, muna mayar da kaya ɗaki, na je gindin darni ɗaukar damin. Tsumman kaɗai na tarar, an ninke shi tsaf. Na tsaya riƙe da shi, sai lokacin na gane da irinta aka yi mana hurar. Ban gaya wa kowa ba. Na yi niyyar kai mata iri daga rumbunmu, amma kullum sai in rasa da wane baki zan fara, in ce gobe.

Bayan kwana tara ruwan shuka ya sauka, mai yawa, tun hantsi har azahar. Ɗakin Inna ko ɗigo bai yi ba, abokaina suna ta yi wa juna barka.

Washegari gari duk ya fita gona. Ina cikin ɗaki ina neman sungumina na ji sallama a ƙofar uwata, murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Inna ce, da 'yar ƙwarya a ɓoye cikin zanenta. Tun ina yaro na san matar nan, ta ga yunwa ta ga takaba, ban taɓa ganin ta tsaya ƙofar kowa neman wani abu ba.

Ta gaida uwata, ta tambayi kwanan yara ɗaya bayan ɗaya, ta yaba ruwan jiya. Sannan ta ce, «Ko kina da ragowar iri, ko tiya guda?»

Kunya ta hana ni fita. Na zauna bakin gado har na ji tafiyarta.