Duwatsun Murhun Iya a Filin Kwalta

A da, in ka sauka daga mota a Samaru ka nufi unguwarmu, sai ka ratsa wani fili mai faɗi kafin ka ga ƙofar gidan kowa. Yanzu in ka bi ta nan, katanga ce a damanka, katanga ce a hagunka, sai wani lungu da mai keke ba ya iya juyawa a ciki. Yaran da ke haya a ɗakunan da ke wurin, 'yan makaranta ne daga garuruwa daban-daban, in ka ce masu suna kwana a kan Filin Kwalta sai su dube ka kamar ka ambaci wata ƙasa.

Masu aikin hanya na gwamnati ne suka yi sansani a wurin tun ba a haife ni ba. Da suka gama suka tashi, suka bar gangunan kwalta da wata tsohuwar motar danne hanya da ta nutse a ƙasa har rabi. Ba wanda ya dawo ya tambayi filin. Shi ke nan ya zama na unguwa. A nan ake shanya masara, a nan ake ƙwallo, a nan ake sallar gawa, a nan Kiristocin unguwa ke kafa rumfar biki da ta Kirsimeti. Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota, daga baya na koma fataucin goro. Na zauna a Kumasi da Kwatano da Yamai, na ji Yarbanci tun a Sabon Gari, na tsinci Faransanci da ɗan Larabci a hanya. Ko'ina na je na tarar fili yana da wanda ake faɗa wa sunansa, ko sarki, ko dangi, ko hukuma mai katanga da maigadi. Namu ne kaɗai na sani da ya daɗe a buɗe ba don wani ya tsare shi ba, sai don kowa ya ƙi cewa nasa ne.

Kakata, wadda duk unguwa ke kira Iya, daddawa take yi. Dafa kalwa aiki ne mai cin itace da lokaci, ga hayaƙi, don haka a bakin filin take girka tukunyarta. Da an idar da magariba sai mu yara mu taru a gindin wutar, wai muna taya ta tura itace, alhali tatsuniya muke jira. Ba a tambayar ɗan wane gida ne. Wanda ya fi kowa matsowa kusa da ita shi ne Ishaya, ɗan wani malamin firamare da suka zo daga kudancin Kaduna. Sa'ana ne, kuma duk cikinmu ya fi yawan tambaya.

Iya ba ta fara tatsuniya kamar yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a ƙofa. A buɗe mata ko ta kwana waje?"

Mu ce, "A buɗe mata!"

Wadda ta fi zauna mani a rai ita ce ta makwancin giwa. Wai wata tsohuwar giwa ce ta samu wuri a tsakiyar daji tana kwanciya tana birgima, har ciyawa ta daina fita a wurin. Ran nan ta tashi ta yi gabas, ba ta sake dawowa ba. Makwancin ya zama na ƙananan namun daji. Zabi na wankan ƙasa, 'ya'yan barewa na tsere, bushiya da damo na shan hantsi. Kuma duk shekara in mafarauta suka sa wa daji wuta, nan kowa ke gudowa, don babu abin da wuta za ta kama a wurin.

Sai labari ya zo cewa kura na neman wurin zama, kuma ta ji zancen makwancin. Hankali ya tashi, aka yi taro. Gafiya ta miƙe. A nan Iya kan matse hanci ta yi muryar gafiya, mu yi ta dariya.

"'Yan'uwa, in ta zo ta ga wurin nan wayam, za ta ce ba mai shi. Kowa ya kama gefe guda, ya jawo ƙaya ya kewaye. In ta gani ta san da mutane."

Bushiya ta ce, "In ta wuce fa?"

"Sai mu kwashe ƙayarmu, mene ne a ciki?"

Haka aka yi. Kura ta zo, ta ga ƙaya ko'ina, ta juya ta tafi. Aka yi murna, aka ɗaga gafiya sama. Amma da aka zo kwashe ƙaya, zabuwa ta ce ta riga ta yi ƙwai a nata gefen, a jira ta ƙyanƙyashe. Gafiya ta ce ta ɓoye gyaɗa. Damo ya ce shi a shirye yake, maƙwabcinsa dai ya fara. Ƙafa ta daina bin wurin, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin ƙaya, ta yi tsawo, ta bushe. Da rani ya yi aka sa wa daji wuta, kowa ya ruga makwancin giwa kamar yadda aka saba. Suka tarar duk dajin ba inda ya kai shi abin ƙonewa.

A nan Iya takan tsaya ta gyara itace. Ranar da muka fara jin ta, Ishaya ne ya kasa haƙuri.

"Iya, to wa ya tsira?"

"Kura," in ji ta. "Tana can bakin rafi tana barcinta, ba ta ma san an yi ba. Nan na sauke baƙuwata, mai so ya kai ta gida."

Ba mu yi dariya ba. Wata ƙanwata har kuka ta yi.

Akwai wani abu da Iya ke sa mu yi duk lokacin da ta sauke tukunya. Sai mun sa sanda mun mirgina duwatsun murhun nan, kowanne ya yi nasa gefen, mun watsa tokar, mun share wurin. In za ta sake dafawa sai ta zaɓi wani wuri dabam, mu sake tattaro mata su. Aikin yana ba mu haushi, don duwatsun da nauyi, ga zafi.

Ishaya ya taɓa ce mata, "Iya, tunda jibi ma za ki dafa, a bar su mana."

Ta ce, "Kai ɗan malam, bakinka ba ya gajiya? In duwatsun nan suka daɗe a wuri ɗaya, za a fara cewa wurin Iya. In na mutu a ce wurin jikokin Iya. Ni ara na yi, kuma jibi ma ina so in samu abin ara. Mirgina mani."

Ba ita kaɗai ba ce. Mai shanya yakan naɗe tabarmarsa, masu biki sukan tuge turakun rumfa su cike ramukan kafin su tafi. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa zama ya koya mana ita.

Lokacin da ƙarfi ya fara ƙarewa na dawo gida na zauna, na tarar Samaru ta cika ta batse. Duk wani ɗan sarari an mai da shi ɗakunan haya. Filin Kwalta na nan, amma ya zama juji, masu gini sun yi ta ɗibar ƙasa sun bar ramuka. Ishaya, wanda ya gaji ubansa a koyarwa har ya yi ritaya, kowa na kiransa Tica, shi ya bi gida-gida ya tara mutane. Duk Asabar muka riƙa fita gayya, maza da mata, da shebur da baro. Muka kwashe shara, muka cike ramuka, samari suka kafa ragar ƙwallo. Ina faɗin wannan don kada a ɗauka mutanen unguwarmu ba su yi ƙoƙari ba. Sun yi, na gani da idona.

Tica yana da dalilinsa. A lokutan da gari ya rikice, aka shiga zaman ɗar-ɗar tsakanin Musulmi da Kirista, a filin nan dattawan ɓangarorin biyu suka riƙa haɗuwa, don ba a iya kiran taron a masallaci, ba a iya kiransa a coci. Wata Asabar muna hutawa a kan tsohuwar motar nan ya ce mani, "Alhajin yawo, in na riga ka, a nan za a yi mani addu'a. Na san ba za ka shiga coci ba, amma a fili ba ka da hujja. Kujerar gaba zan sa a ajiye maka."

Na ce, "Tica, kai da ko zazzaɓi ba ka yi? Kai za ka binne mu duka."

Sai wata safiya muka tashi muka ga turakun siminti a kusurwoyin filin. Wani mutum daga Kaduna, wai an ba shi filin. Samari suka tuge, aka sake kafawa, suka sake tugewa. Tica ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi har takalminsa ya cinye. A ƙarshe wani ma'aikaci da ya tausaya masa ya ba shi shawara: fili in yana zaune wayam, a idon hukuma yasasshe ne, ku nuna ana amfani da shi.

A lokacin na tafi Kwatano jinyar ɗiyata. Da na dawo damina ta yi nisa, na tarar filin ya yi kore shar. An raba gefe-gefensa ga gidajen da ke kallonsa, kowa ya shuka masara da kuɓewa, an bar wurin ƙwallo a tsakiya. Don awaki kuma kowa ya dasa cini-da-zugu ya kewaye nasa, yadda muke yi wa gona. Dabarar ta ci. Masu dubawa suka zo suka ga shuka, mutumin Kaduna ya janye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Aka yi walima, aka yi ta sa wa Tica albarka.

Bayan girbi ya ce to, a cire shinge. Ina tare da shi ranar da ya tsaya a gefen Malam Tanimu, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, ya ga an jibge bulo.

"Malam Tanimu, wannan fa?"

"Haba Tica, ajiya ce kawai. Ka fara gaya wa Maman Talatu ta sare mangwaron da ta dasa. Ni ko yau sai in kwashe."

Maman Talatu na jin mu daga nata gefen. Ta ɗago ta ce, "In sare me? Abin da na shayar da ruwan da na ɗauko a kaina? Baba Tica, ka san ina ganin girmanka. Itace ne fa, inuwa zai yi wa kowa. Je ka ga ɗan'uwanka na coci da ya kafa shagon langa-langa, sannan ka dawo kaina."

Duk wanda muka je wa, akwai wanda yake jira ya fara. Ba wanda ya yi mana rashin kunya, kowa da murmushi ya sallame mu. Cini-da-zugu kuwa ya riga ya yi saiwa.

Abin da ya karya Tica shi ne rasuwar Malam Tanimu bayan wasu shekaru. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka sa gefen filin a cikin abin da ya bari, kuma ba su ga laifin hakan ba, don sun daɗe suna jin ana cewa wurin Baba. Wanda wurin ya faɗo wa ya sayar wa mai gina ɗakunan haya. Daga nan sai kowa ya ga in bai yi sauri ba shi za a bari. Katanga ta bi katanga. Wurin ƙwallon da ke tsakiya ya rage ba ta inda za a shiga, shi ma wani ya haɗa da nasa. Tsohuwar motar, 'yan gwangwan suka yanka ta suka tafi da ita.

Na je duba Tica da ya kwanta ciwo. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka tuna wa ya tsira?"

Na ce, "Kura."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Mutumin nan na Kaduna yana can yana barcinsa. Bai ma san an yi ba."

Da ya rasu, 'ya'yansa suka nemi inda za a kafa rumfa a unguwa, babu. Aka kai shi cocinsu a Sabon Gari. Mu maƙwabtansa Musulmi muka bi motar, muka tsaya a tsallaken titi a gindin wani shago, muna jin waƙa daga nesa, masu keke na yi mana oda mu matsa. Babban ɗansa ya fito ya same ni, ya ce, "Baba, ya ce a ajiye maka kujera." Na riƙe hannunsa. Daga baya muka yi ta shiga gidan gaisuwa bibbiyu, don lungun ba ya ɗaukar taro.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce a kan wauta, ta gafiya da masu bin ta. Yanzu ba na ganin haka. Gafiya ba ta yi ƙarya ba, kura ta zo kuma ta koma. Tica ma bai yi kuskuren lissafi ba, ya kori wanda ya zo korarmu. Abin da Iya ta sani, wanda ta sa mu yi da hannunmu muna guna-guni, shi ne cewa ajiye dutse ba wuya, ɗauke shi ne ba mai yarda ya fara. Shi ya sa ba ta bari nata ya kwana.

Filin Kwalta dai ya tafi, ba kuma zai dawo ba. Sallar gawa a titi muke yi yanzu, a tare hanya a yi sauri a tashi. Jikokina da jikokin Ishaya katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma ba su san sunan juna ba.