Wiebe a Kan Baƙar Ƙanƙara

Yayana Wiebe direban motar madara ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya gonakin yankinmu na Friesland. Taurin kai kam tun muna yara. Abu ɗaya ke sa shi fara'a: sanyi ya tsananta, rafuka su daskare, ya ɗaura takalmin ƙanƙara ya yi ta sulu ƙauye zuwa ƙauye har sai an shiga cigiyarsa. Yanzu kuwa an yi shekaru ruwan bai daskare ba.

Bara ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki a asibiti, ya kuma yi kyau, amma tsoro ya shige shi, ya ƙanƙame keken dogarawa, irin wanda tsofaffi ke turawa a gabansu, ko saki ba ya yi. Likita bai ɓoye mana ba: in bai tsaya da ƙafarsa ba, shi da gidansa sai kallo, gidan tsofaffi za a kai shi. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa.

Rannan a asibitin, Marrit, mai yi masa gashin ƙashi, ta zo da wani ƙaton tabarau, irin wanda in ka saka sai ka gan ka a wani wuri daban.

"Baba, a gwada?" in ji ta.

"Yarinya, na yi miki kama da mai wasan yara?"

"Saka mana, Yaya," na ce. "Dama fuskar taka ba ta kallo ba ce."

"Ke Aukje, komai naki ya tsufa ban da baki."

Ya dai saka. Marrit ta miƙar da shi yana dafe da kekensa, ta riƙe ɗamararsa ta baya. Muna ganin abin da yake gani a wani allo: rafi a daskare, shimfiɗe har ƙarshen gani, ƙanƙarar garau har duhun ruwan ƙasa ya sa ta yi baƙi, irin wadda ta fi daɗin sulu.

"Baƙar ƙanƙara," ya ce a hankali. "Irin ta da."

Sai ga masu sulu sun ɓullo, sun nufo shi. A wajenmu yara ne ke koyon sulu suna tura kujerar kicin a gabansu. Babba kuwa hannu yake goyawa a baya.

"Kai! Ga mutane nan tafe, ni da kujera?"

"Baba, riƙe dai..."

Ina! Ya riga ya ture keken, ya goya hannuwa, ya ɗan duƙa, har da gyaɗa wa mutanen kai. Ƙafafunsa kuwa suka ɗauke shi. Marrit ta sassauta riƙo. Ni kuwa hawaye kawai nake yi, don daɗi.

Da aka cire masa tabarau, ya dubi keken can gefe, ya dubi ƙafafunsa, sannan ya juyo wajena.

"Aukje," ya ce, "gobe ki leƙa gidana ki kunna na'urar ɗumama ɗaki. Kada in tarar da shi da sanyi."